Kujerar Wane

Ranar sadakar ukun Baffa, dariya ta ɓarke a ƙofar gidansa a Birnin Kudu, har mu matan da muke cikin gida muka tsaya muna kallon juna. Gidan makoki ne fa. Matar marigayin ta ɗago kai da jajayen idanu ta ce a je a gano mata wane marar ta-ido ne. Ni na tashi, na je bakin zaure na leƙa, bakina cike da faɗa.

Ashe dattawa ne, tsofaffin ɗalibansa. Akwai wani alƙali mai ritaya, da wani direban babbar mota, da manoma daga Wurno da Unguwar Ya, kowa da furfurarsa. Abin da ya faru shi ne, wani ya ɗauko wata 'yar kujerar katako daga zaure zai ba wani tsoho ya zauna, sai direban nan ya riƙe masa hannu ya ce, "A'a, wannan ai ta Wane ce, ba a zama a kanta." Duk wanda ya taɓa zama a ajin Baffa ya gane. Suka yi dariya har da tafa hannu, can kuma sai na ga alƙalin ya kama bakin rawaninsa yana goge ido. Mahaifina, yayan marigayin, yana gefe a kan buzunsa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Shi bai yi dariya ba, ya dai ce a ajiye kujerar a kusa da shi.

Da na koma ciki na ba da labari, jikokin Baffa suka yi ta tambayata wane ne Wane. Abin ya sosa min rai. Mutum ya shafe shekara talatin da wani abu yana ɗaukar kujerar nan daga aji zuwa aji, amma kwana uku da rufe shi, jininsa ma ba su san labarinta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don ni kam da darasin kujerar nan aka ceci karatuna.

Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Da aka zo neman yaran boko a zamaninsu, kakanmu ya riƙe babban don allo da kiwon shanu, ya ba da ƙaramin. Ƙaramin ya zama malamin firamare a Gwaram. Ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa min, saboda haka daga Baba har Baffa ba mai kiran sunana, Uwata suke ce min. Ina shekara shida Baffa ya karɓi riƙona ya sa ni a makaranta, ba a daɗe da samun mulkin kai ba.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba, don ban zo yi wa mamaci ƙarya ba. Yana da saurin fushi, ga kafiya. Alli a naɗen hularsa yake ajiye shi, goro a kunci, kekensa kuwa ko matarsa ba ta isa ta jingina shi a wani bango ban da wanda ya saba ba. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne bai taɓa ba mu amsar lissafi ba. Ko kuka kake yi, sai dai ya tsaya a kanka yana tauna goro ya ce yana jira, shi ba shi da wajen zuwa.

Muna aji bakwai ya fara koya mana wani irin lissafi da ya ɗan fi ƙarfin ajinmu. Littafin zai ce wani mutum yana da fam ɗari, ya raba biyu, ya sa kashi ɗaya a bankin da ke ba da biyar cikin ɗari a shekara, ya sa ɗayan a mai ba da takwas cikin ɗari, ƙarshen shekara ya sami kaza. To, nawa ya sa a kowanne? Ranar farko muka yi tsuru-tsuru. Sai Baffa ya fita ya dawo da 'yar kujerar nan, ya karkaɗe ta da hannun riga, ya girke ta a gaban allo. Ya ce kuɗin da ke banki na farko baƙo ne, ba mu san shi ba, amma ba za mu bar shi a tsaye a waje ba. Bature yana kiransa x, mu kuwa Wane za mu ce masa, ga kujerarsa. Na banki na biyu kuma ba wani baƙon ba ne, ragowa ce, ɗari a cire Wane. Daga nan sai kowa ya kawo abin da ya samo a shekara, a haɗa, a daidaita da jimillar da littafi ya faɗa. Ya ce in muka yi haƙuri, Wane da bakinsa zai faɗi ko shi wane ne.

Kuskurenmu kullum guda ne, mu kira kashi biyun duka Wane. In ya ga haka a littafin yaro sai ya kama haɓa ya ce mutum biyu a kujera ɗaya, wa zai biya shi in ta karye? Ni dai abin ya shiga kaina kamar wasa. Har Baffa ya sa sunana a cikin masu zana jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata a Kano. Sau ɗaya ake ba yarinya wannan dama, in ta wuce ta wuce. Ba abin da nake so a duniya a lokacin irin in ga kaina a gaban allo da alli a hannu.

Bakina ne ya ja min. Mun sami hutu na je gida Kwandiko, Baba yana kishingiɗe a inuwar darbejiya ya ce in karanta masa abin da ake koya mana. Ni kuma da rawar kai na buɗe shafin da na fi ƙwarewa. Kalmar Turancin da ke nufin abin da banki ke ƙara wa mai ajiya, Baffa da “ruwa” yake fassara mana ita, don haka 'yan kasuwa ke faɗa. Na ce wani mutum ya sa kuɗi a inda ruwa biyar ne cikin ɗari. Baba manomi ne, sai ya yi murmushi ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan da har ake auna ruwan sama da ɗari. Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ina, sai na gyara zama na yi masa bayani dalla-dalla. Ina magana fuskarsa tana sauyawa.

“Kuɗin ruwa ƙanena yake koya miki?” Ya karɓi littafin ya sa a ƙarƙashin buzu, ya ce na gama boko.

Da hutu ya ƙare Baffa bai gan ni ba, sai ga shi a kan keke. Ina bayan zana ina jin su. Baba ya ce shi ya ba da 'yarsa amana, ba don a koya mata abin da Allah Ya haramta ba. Baffa ya ce ba wanda ya ce ta ci, lissafi ne kawai. Ya ce, “Yaya, kai ma ka karanta abubuwan da ke karya alwala. Don ka karya ka karanta?” Baba ya ce kada ya kuskura ya haɗa masa karatun addini da na 'yan banki. Nan fa zuciyar Baffa ta ɗebe shi, ya ce ai wanda bai san komai ba sai bin wutsiyar shanu ba zai gane ba. Wannan magana ba ta dace ba, shi ma ya sani tun kafin ya rufe baki. Ya tashi ya bar furar da aka dama masa ko taɓawa bai yi ba.

Wata biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ni kuwa ina gida ina daka da kai nono kasuwa, ina ƙirga kwanakin jarrabawa suna ƙarewa. Haushin su biyun nake ji, wallahi, amma na Baffa ya fi, don a ganina da ya iya bakinsa da ya shawo kan yayansa.

A cikin wannan hali ne mijin Goggo, ƙanwarsu, ya rasu bayan Babbar Salla, zazzaɓin kwana uku. Ɗan kasuwar ƙauye ne, ya bar Goggo da 'ya'yanta biyu, da wasu ƙanana uku na matarsa ta fari wadda ta riga shi rasuwa. Dangi suka ɗora wa Baba tattara dukiyar kafin liman ya raba gado. A nan aka ci karo da matsala. A shekarar marigayin ya juya fam sittin, wannan kowa ya sani, don a gaban Baba ya faɗa. Amma ba duka ne nasa ba. Ya sayar wa Goggo bijimanta biyu na gadon mahaifinsu, ya ce mata kuɗinta raguna zai saya da su ya kiwata don layya, nasa kuma ya sari gyaɗa ya kai sikeli. Goggo ba ta tambayi nawa aka sayi bijiman ba, ta ce ita ina ta ga fuskar tambayar miji. Dillalin da ya yi cinikin ya bi shanu Kurmi, ba a san ranar dawowarsa ba. A akwatin marigayin an tarar da fam sittin da tara a ƙulle wuri guda. Abu ɗaya da ya rage shi ne marigayin mutum ne mai son ba da labarin cinikinsa, mutum uku sun ji shi a dandali yana cewa bana rago ya ba shi sule biyar a kowace fam, gyaɗa kuwa sule biyu kacal.

Liman ya ce ba zai raba gado ba sai an fitar da abin da ba na mamaci ba. Wasu suka ce a raba sittin ɗin biyu a huta. Goggo ta ce ita ta yafe duka, Baba ya ce ba a yafe abin da ba a san yawansa ba. In ya ba ta da yawa ya ci dukiyar marayu, a kuma ce ya fifita 'yar'uwarsa. In ya rage mata ya zalunce ta. Mutumin da ya cire 'yarsa daga makaranta don tsoron haram, ga haram ta tare shi gaba da baya. Ko abincin kirki ya daina ci.

Ranar sadakar arba'in Baffa ya zo, dole. Suka zauna a tabarma ɗaya da Baba, kowa yana kallon wani gefe. Bayan addu'a da rabon gumba, da hantsi, aka sake tayar da maganar a tsakar gidan Goggo. Ina cikin mata ina kallon Baffa. Na ga yana murza babban yatsa da manuni kamar mai riƙe da alli, na san ya riga ya gama. Liman ya juyo ya ce ko malamin makaranta yana da abin cewa.

“Ni malamin ruwa ne, bai kamata bakina ya shiga gado ba,” in ji Baffa. “Amma a gidan nan akwai wadda ta san hanya.”

Ya kira ni. Ina shekara goma sha uku, ban taɓa buɗe baki a gaban liman ba. Na zo na durƙusa. Baffa ya miƙa hannu ya jawo kujerar tsugunno ta Goggo daga bakin murhu, ya karkaɗe ta da hannun riga, ya ajiye a tsakiyar mutane.

“Uwata, wa za mu zaunar?”

Na ce kuɗin Goggo. Ya ce to na marigayi fa? Na ce sittin a cire Wane. Daga nan ya koma taunar goronsa. Na sami kara na fara zane a ƙasa. Ribar duka fam tara ce, sule ɗari da tamanin ke nan, tunda sule ashirin ke fam. Wane sau biyar, a haɗa da ragowa sau biyu, su ba da ɗari da tamanin. Ina cikin yi tsoron ya tafi. Na ɗago na ce kuɗin Goggo fam ashirin ne, na marigayi arba'in.

Baba ya dubi zanen ya ce shi ba zai karɓi shaidar abin da ba ya iya karantawa ba. Na kalli Baffa ko zai taimake ni, sai ya ce, “Faɗa masa da Hausa.”

Na ce Baba, a ɗauka duk sittin ɗin gyaɗa aka saya, da riba sule ɗari da ashirin ce. Amma ɗari da tamanin aka tarar, akwai rarar sittin ke nan. Duk fam ɗin da ta bar gyaɗa ta koma rago, sule uku take ƙarawa. Uku nawa ne a cikin sittin? Baba bai san boko ba, amma a lissafin ka ba a kama shi. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ya ce ashirin a sule biyar, ɗari. Arba'in a sule biyu, tamanin. Sannan ya tambaye ni in kuma ashirin da ɗaya ne fa. Na ce da an tarar da sule uku fiye da abin da ke cikin akwatin. Ya ce sha tara fa. Na ce da sule uku sun yi ɓatan dabo. Abin da yake nema ke nan, ya tabbata babu wata amsar da ta ɓuya a bayan wannan. Liman ya ce ya gamsu. Aka ware wa Goggo fam ashirin da biyar, uwa da riba, aka bar arba'in da huɗu don gado.

Bayan kwana biyu, da sassafe Baba ya ce in ɗauko kayana. Ya zaro littafina daga ƙarƙashin buzu, gefensa duk gara ta taɓa, ya miƙo min. Shi da kansa ya raka ni Gwaram, saura mako uku jarrabawa. Muka tsaya a bakin aji. Baffa ya fito, ya cire takalmi ya durƙusa a gaban ɗalibansa duka, ya ce Yaya ya yafe masa maganar shanu. Baba ya ce wace magana, shi bai riƙe ba.

“Ga uwarmu nan,” in ji Baba. “Ka koya mata har na ruwan, don in ta gan shi ta gane shi ta kauce.”

Na ci jarrabawar. Ina Kano labari ya iske ni cewa dillalin ya dawo daga Kurmi, ya ce bijimi ɗaya fam goma sha ɗaya aka saya, ɗayan tara.

Baffa ma bai fita daga rigimar nan yadda ya shiga ba. Tun daga lokacin, in zai fara wannan darasi sai ya fara da raguna da gyaɗa, ko albasa da gero, sai yara sun gane sannan ya kawo na banki yadda yake a littafi, ya gaya musu hukuncinsa a addini. Wani sufeton makarantu ya taɓa yi masa faɗa cewa yana ɓata lokaci da dabbobi. Baffa ya miƙa masa alli ya ce bismilla, ga aji. Sufeton ya duba agogo ya ce yana sauri.

Da aka canza kuɗi zuwa naira da kobo ya yi ta mita, wai an mayar da lissafi arha, yaro ba zai ƙara gumi wajen mayar da sule fam ba. Da kuɗin fetur ya shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariya, wato kuɗin watannin baya, abokansa suka cika gari da sababbin babura da rediyo. Shi kuwa ya raba nasa biyu, ya sayi tumaki ya ba wasu zawarawa kiwo, ragowar ya sayi litattafai ya ajiye a zaure don duk yaron da ke so. Ya kuma mayar da abin tambayar jarrabawa, har yau akwai masu tuna nawa ya sa a tumaki. A shekarun ne aka mayar da shi Birnin Kudu, aka buɗe makarantu ko'ina, aji ɗaya ya koma yara saba'in. Ya ce shi bai ga matsala ba, kujera ɗaya ta ishe su.

Da ya yi ritaya kujerar ba ta huta ba. Masu rigimar jari, 'yan adashi, magada, duk a zaurensa suke ƙarewa, shi kuma ya zaunar da Wane ya bar su su gano da kansu. Ciwon ajalinsa bai ja ba. Na je duba shi ana gobe zai cika, ya tambaye ni ko har yanzu 'yan matan ajina suna ɗora mutum biyu a kujera ɗaya. Na ce suna yi. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce to kada in ba su amsa.

Da mutane suka watse ranar sadakar ukun nan, Baba ya aika a kira ni. Na same shi hannunsa a kan kujerar yana shafa ta.

“Uwata, ni na cire ki, shi ya mayar da ke,” ya ce. “Shekara nawa ke nan, ban taɓa ce masa na gode ba. Kullum sai in ce ai ƙanena ne, ya sani.”

Na ce ya sani, Baba. Ya ce to shi dai yanzu addu'a ce ta rage masa. Ya turo min kujerar ya ce kada a bar ta a zaure gara ta cinye, in kai ta inda ake buƙatarta.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa da saurin fushinsa, Ya sa duk yaron da ya gane lissafi ta hanyarsa ya zame masa haske a kabari. Allah Ya sauƙaƙa masa nasa hisabin, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na shiga aji da kujerar a hannu, na karkaɗe ta da bakin mayafi, na girke ta a gaban allo. 'Yan matan suka fara ƙus-ƙus suna dariya. Wata daga can baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, wa zai zauna?”

Na juya na share allon da ba komai a kansa. Sannan na ce musu baƙo muka yi, ban san ko wane ne ba, su fito da litattafansu su gano min shi, ina jira, ba ni da wajen zuwa.